Ranar da Na Zama Hauwa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar wata Alhamis cikin sanyin 2015, watanni uku kacal da saukata Riyad. A lokacin bulo nake ɗauka a wajen gini, bayana har ya fara lanƙwashewa kamar lauje. Sai Yaya Lawwali, aminin yayana wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wani Balarabe, ya ce maigidan nasa na neman direba na biyu, wanda zai riƙa jan tirelarsa zuwa sahara in za su shaƙatawa.

"Ka taɓa jan tirela?" in ji shi.

"Haba Yaya! Kano zuwa Legas ko ido a rufe."

(Tsakani da Allah na yi wannan tafiyar a tirela, sau ɗaya, a zaune kan buhunan albasa. Tasi na ja duk rayuwata.)

Ya dube ni ya ce, "Ban taɓa kai masa kowa ba. Maganata zan ajiye a kanka." Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Muka isa gidan hutun maigidan a bayan garin Dir'iyya, kusa da Riyad. Jama'a, wannan ba tirelar da na sani ba ce, gida ne sukutum aka yi wa taya, har da kicin da banɗaki. Ni ɗakin da muke kwana mu shida a unguwar Suwaidi bai kai banɗakin ba. Wuyan tirelar ya miƙo gaba, yana hawa bayan wata ƙatuwar a-kori-kura. A bayan motar akwai farantin ƙarfe mai baki, a ƙarƙashin wuyan kuma akwai ƙusa mai kaurin dantse. In ka yi ribas ƙusar ta shige bakin, ya datse, shi ke nan an ɗaura aure. Saman ƙusar akwai wata jakar roba baƙa wadda ake hura wa iska don ta shanye gargada. Na gan ta a lotse, na ɗauka haka aka yi ta.

Na yi ribas cikin ƙasaita, hannu ɗaya a sitiyari. Na ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ban leƙa ba, gwani ai ba ya leƙe. Na sauko na danna maɓallin da Yaya Lawwali ya nuna mini tun farko, ƙafafun tirelar suka naɗe sama. Shi kuwa ya riga ya nufi gareji.

Sai ga maigida da farar jallabiya, waya a kunne. Ya dubi wuyan tirelar, ya ɗaga hannu yana nuna motar.

"Ya sadik, hawa! Hawa!"

Daɗi ya rufe ni. Na ce a raina lallai Yaya ya yi aiki, har ya koya wa Balarabe Hausa. Don in burge shi na amsa da ƙarfi, "To ranka ya daɗe, yanzu kuwa!" Na haye mota, na sa giya.

"La! La! Hawa!"

Na ce ikon Allah, ai na hau, mutumin nan akwai gaggawa. Na taka totur.

Ƙarar da ta biyo baya, na tabbata an ji ta a Jidda. Ƙusar ashe a kan bakin ta zauna, ba ta shiga ba. Mota ta yi gaba, gida ya tsaya, wuyansa ya rufto kan bayan motar ya matse shi kamar gwangwanin madara. Daga ciki na ji kofunan gahawa suna ta bin juna suna fashewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba za su ƙare ba.

Da na leƙa madubi, sai na hango Yaya Lawwali tsaye riƙe da famfon iska.

Ya tako a hankali ya ce, "Kai, hawa da Larabci iska ce. Cewa yake a sa wa jakar iska tukun."

Maigida bai zage ni ba. Ya dubi Yaya kawai ya ce, "Wannan ne gwanin naka?" Da ma mari ya yi mini. Yaya ya sunkuyar da kai, mutum mai furfura, yana ba da haƙuri a kan ƙaryar da ba shi ya yi ba.

Ranar Asabar na koma ɗaukar bulo. Kafin sati labari ya zagaye Suwaidi, Zindarawan ɗakinmu suka raɗa mini Hauwa. Da gemuna da 'ya'ya biyar, har yau in an ce "Hajiya Hauwa" sai na waiga. Wannan ban damu ba, ni ma dariya nake. Abin da ke ci mini rai shi ne bayan shekara guda ɗan Yaya Lawwali ya zo Riyad, direban tirela na gaske, amma Yaya bai iya buɗe baki ya nema masa aiki a gidan ba. Bai taɓa yi mini gori ba, ni ne dai nake kasa haɗa ido da shi.

Yanzu ko shayi aka tambaye ni na iya dafawa, cewa nake a nuna mini tukun. In kuma Balarabe ya yi mini Hausa, to sauka nake yi.