Bidiyona a Foldar Firinsifal

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin taron iyayen yara ba, ko da tsufa ya kwashe mini haƙora. Lokacin ina sabon malami a wata makarantar kuɗi a Bodinga, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Kullum daga Shagari nake tasowa a kan babur.

Kwamfutocin makarantar a haɗe suke. Kowane malami yana da foldarsa a babbar kwamfutar ofis, da sunansa da kalmar sirrinsa yake shiga. Ranar da na kama aiki Firinsifal ya zauna a kwamfutata ya nuna mini yadda ake yi, da nasa sunan. Ashe ta riƙe sunansa da kalmar sirrinsa! Ni kuwa sarkin sani ban taɓa tambayar me ya sa ba ta neman kalmar sirrina ba. Duk abin da na ajiye foldarsa yake faɗawa. (Na ga takardun da ba nawa ba, na ce na malamin da na gada ne.)

Cikin ajiyar har da bidiyon da abokan aiki suka ɗauke ni ina kwaikwayon Firinsifal, hula a karkace, hannu a baya. Don wayo na sa masa suna "Ci gaban makaranta".

Da safiyar taron aka ce an sauya kalmomin sirri, kowa ya shiga da nasa. Na shiga da nawa, folda wayam. Nan na gane. Innalillahi! Na nufi ta Firinsifal, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Na gwada sunan garinsu, na gwada lambar motarsa (Allah ya yafe mini), ko gezau. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don aikin nan shi ke ciyar da gidanmu.

Ɗakin taro ya cika da iyaye, har daga Dingyadi da Danchadi. Aka kunna majigi. Ina can baya, gumi ya jiƙa mini riga, ina ta addu'ar a ɗauke wuta. Firinsifal ya buɗe foldarsa, ya ce, "Madalla, ga ci gaban makaranta."

Sai ga ni a bango, ƙato guda, ina daka tsawa: "Ɗiyan ga, mi kuka son zama?"

Can wani dattijo ya ce, "Wallahi shi na!" Dariya ta ɓarke. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Firinsifal bai kashe ba, ya kalla har ƙarshe. Sannan ya leƙo ni ta saman tabarau. "Malam, ka mance tarin da nika yi kahin in fara. Tunda ka iya, daga Litinin kai za ka riƙa yi wa yara jawabin sahe."

Ba a kore ni ba. Amma zango guda na yi ina jawabi, shi yana tsaye bayana yana tari.

Tun daga nan, duk foldar da ta buɗe mini ba ta tambayi ko ni wane ne ba, sai in tashi in ba ta wuri.