Rigar Waya a Kaskon Hajiya Mero

"Lafiya lau, amma ba da kai nake gaisawa ba, da ledar hannunka nake."

Haka kakarmu Hajiya Mero ta tari yayana Haidar ranar da ya faɗo gidanmu na unguwar Port Saeed da ke Dubai yana haki, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ta zo Dubai ne a duba mata gwiwa, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Shi kuma ya ajiye aikin albashi ya ce kasuwanci zai yi: rigunan waya na alharinin ƙasar Sin, masu saƙa irin ta shadda. Samfuri biyu ya ɗauko daga kasuwar Murshid Bazaar, kuma kafin la'asar sai ya gaya wa mai kago, wato mai jigilar kaya, wanda za a ɗaure zuwa Kano. In ya zaɓi na banza, tarinsa na shekara huɗu ya bi ruwa. Ni dai gabana faɗuwa yake, shi ko a jikinsa.

"Amarya, goge ido ki ga arziki!" Ya zaro wata ja mai ƙyalli da zanen dodanni, ya ajiye wata shuɗiya mai sanyin launi a gefe. "Wannan jar, sarakunan Sin kaɗai ke sa irinta. Ɗan Sin ɗin da ke sayar da ita ya rantse mini mutum biyu ke saƙa ta, ɗaya a saman masaƙa ɗaya a ƙasa, yini guda ba sa wuce tsawon yatsa!"

"Iko sai Allah! Ni na shekara uku ina jiran ka ɗinka mini zane, ashe waya ka yi wa lefe."

"Ai waya in ta tsufa canza ta ake. Ke fa tun zamanin Nasara muke fama."

"Za ka ci gidanku. Guda nawa ya ce yana da su?"

"Dubu biyar, yau ɗin nan, khalas, magana ta ƙare!"

"Yatsa ɗaya a yini, kuma dubu biyar a shago? To aljannu ne masaƙan, ko kai ne dolo."

"Hajiya, me kika sani a alharini? Ke da wayarki rakani-kashi!"

"Ni? Ubana masaƙi ne a Minjibir. Na kaɗa zare kafin uwarka ta yi haƙori. Miƙo mini kaskon turare, ɗan nema."

Ta cire fil daga mayafinta, ta tsokano zare ɗaya daga gefen jar. Haidar ya daka tsalle kamar shi aka tsokana.

"Wayyo samfurina! Tsohuwar nan za ki ƙona mini jari!"

"Gara zare ɗaya da kwantena guda. Kawo wannan hancin naka mai kamar murfin buta."

Ta ɗora zaren a kan garwashi. Nan take ya narke, ya dunƙule ya yi baƙi ƙirin, wari ya turnuƙe falon.

"Me ka ji, maigida?"

Ya toshe hanci. "Kamar... ana ƙona shara."

"Leda kenan. Kyan ɗan maciji. Sarakunan naka ashe a leda suke yawo."

Wallahi sai da na tausaya masa, fuskar nan ta yi la'asar tun kafin a kira ta. Ita kuwa ta jawo shuɗiyar da ya raina, ta shafa ta da babban yatsa, ta karkata ta wajen taga, launin ya juya daga shuɗi zuwa ruwan toka. Ta tsokano zare ta ɗora. Wannan bai narke ba, ya ci shwaiya, a hankali, ya mutu da kansa. Ta murza tokar ta zama gari.

"Yanzu fa?"

Haidar ya shaƙa, ido ya buɗe. "Ƙaurin gashi! Kamar babbakar kan rago ran Layya!"

"To alharini kenan, tsutsa ce ta yi shi, ba inji ba. Nawa mai wannan ya ce yana da su?"

"Ɗari uku. Ya ce ma da inji suka saƙa, zanen ne na kakanninsu. Shi ya sa na raina shi!"

"Mai gaskiya ya faɗa maka gaskiya ka raina shi. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

Ya fizgo waya ya kira mai kago. "Habibi! Shuɗiyar, shuɗiyar za a ɗaure! Yalla, maza, kar ka taɓa jar nan!" Ya ajiye, ya zube gabanta yana dariya har da hawaye, ya miƙa mata shuɗiyar da hannu biyu. "Tsohuwar zuma, da ke ake magani. Ga tukwici."

Ta karɓa, ta zaro 'yar wayarta daga lalita ta jefa ciki. Wayar ta yi ƙwal-ƙwal ta faɗo kan cinyarta.

"Haidar, wane irin miji ne ke kawo riga babu mai sa ta?"

Ya dubi wayar da ke hannunsa, wadda ko wata biyu ba ta yi ba, ya dube ni ko zan cece shi. Na kau da kai.

"Ki bari dai in cire layina," ya ce.

"Cire da sauri, kasko bai huce ba."