Gogena da Wandon Mushe Idi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kayar da gardin kumandan, wato dogarinsa mai bindiga, da goge ba, a tsakiyar Filinge, ranar bikin 'yancin kai. Ban taɓa shi da hannu ba, kiɗa kawai na yi.

Shekarar babban fari ce. Damina ta raba tsakiya, geron da muka shuka sau biyu ya ƙone sau biyu. Shanun mutanen Sanam suna mutuwa a bakin hanya. Ni na riga na binne ɗiya guda, saura biyu, kuma rumbuna babu komai sai ƙaiƙayi. Matata Biba tana dafa musu ganye da dusa.

Sana'ata kiɗan bori ce, gadon ubana. Kowane iska yana da takensa, wato kiɗan da ake kiransa da shi, kuma na san su duka tun ban fara gemu ba. A ƙasar Kurfai, in an ce maigoge, ni ake nufi. (Ba yabon kai ba ne. Ku tambaya.) Amma a shekarar yunwa ko mai iska ba ya da abin yanka, balle abin ba makaɗi.

Sai Mushe Idi (Mushe da bakin Faransa ke nan, wato Malam), malamin lakkwal, makarantar boko ta garinmu, ya zo da labari. Za a yi gasar makaɗa a Filinge ranar biki, wanda ya ci zai ɗauki buhun jar dawar nan ta taimako. Mutane suna cewa a ƙasar da aka aiko ta dabbobi ake ba. Ban damu ba. Buhu guda zai kai 'ya'yana wani lokaci.

Ya kafa mini sharaɗi uku. Kada in yi kiɗan iskoki, don ƙasa ta ci gaba, ga manya za su zo. In yi waƙa a kan tuta da noma. Kuma a tsaye zan yi kiɗa, gaban mikoro, abin maganar lasifika, cikin wandon Nasara, kamar makaɗan Yamai. Ya ara mini nasa. Shi siriri ne kamar karan dawa, ni kuwa ko yunwa ba ta rage mini ƙashi ba. Da na sa, Biba ta dube ni ta ce in dai ban yi numfashi ba zai kai ni har gida.

Kwana shida ina haɗa sabon kiɗa tare da Arzika, ɗan wan ubana, wanda ke buga mini ƙwarya. Kiɗan ya fito. Babu gishiri a cikinsa, amma ya fito.

Ranar bikin muka taka da ƙafa. An kafa rumfa, kumandan yana zaune (haka muke kiran mai mulkin Filinge har bayan tafiyar Nasara), gardawa a tsaye bayansa da bakin bindiga a ƙasa. Buhun yana jingine da teburi inda kowa zai gan shi, kuma kowa shi yake kallo. Masu kalangu suka yi. Wani Bazabarme ya yi molo, ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sai wasu samari uku da jita suka yi irin kiɗan Kwango da ake ji a radiyo, suna karkaɗa ƙugu, 'yan mata suna guɗa.

Aka kira ni.

Tun da aka haife ni ban taɓa kiɗa a tsaye ba. Maigoge a ƙasa yake zama, ya harɗe ƙafa, goge a cinya. Yanzu ga ni tsaye, goge ya rasa wurin zama, wando ya shaƙe ni, rabona da abinci tun jiya da hantsi. Na ja izga a kan tsirkiya, sai na ji kukan gogena ya fito ta lasifika can kan itacen bedi, wato darbejiya, ya fi ni girma. Na yi baitin tuta, na shiga na noma. Idanun mutane suka yi mini yawa, sai na rufe nawa.

Nan na yi kuskure. Ni in na rufe ido, hannuna gida yake komawa.

Bakina yana cewa a riƙe hauya a gina ƙasa, hannuna kuwa ya riga ya shiga taken Doguwa, babbar iskar dajinmu. Ban sani ba. Arzika ya sani. Daga baya ya ce ya yi ta zungurina da ƙafa, da ya ga ban ji ba sai ya bi ni, don mai ƙwarya ba ya barin maigoge shi kaɗai. Abin da na sani kawai, kiɗa ya yi daɗi a karon farko a ranar.

Sai na ji ƙara. Na buɗe ido. Gado, babban gardin kumandan, ƙato mai saje, wanda ba ya rasa sahun gaba a masallacin Juma'a, ya yar da bindiga ya yi tsalle ya dira da gindi a ƙasa. Ashe dokin Doguwa ne, wato shi take hawa, tun yana ƙauyensu, ya zo gari ya ɓoye. Tsofaffin mata suka fara matsowa, don sun san abin da suke gani.

Gado ya taso ya tsaya gabana, daidai bakin mikoro, ya yi magana da muryar tsohuwa.

"Maigoge, kai ka kira ni?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Ina tabarmata? Ina turarena? Don dawar jakkai ka tashe ni da rana tsaka?" Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kuma wandon wa ka sato?"

Duk wannan ya fita ta kan itacen bedi. Har 'yan kasuwa sun ji.

Kumandan ya miƙe ya ce a tsayar da wannan shirme. Mushe Idi yana yi mini alama da hannu biyu, fuskarsa kamar zai yi kuka. Na dubi buhun. Na san in na tsaya yanzu na ba da haƙuri, wataƙila a tausaya mini da mudu biyu. Amma wanda ya kira iska shi ke sallamar ta. Ba a yanke take a bar mutum da mahayi a kansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na tsaya, gardinka ba zai tashi da hankalinsa ba. Ka ba ni wuri."

Ban jira amsa ba. Kiɗan sallama ba ya yiwuwa a tsaye, sai na zauna na harɗe ƙafa yadda ubana ya koya mini. Wandon Mushe Idi ya tsage tun daga gaba har baya. Shi ma lasifika ta ɗauka.

Filinge duka ta yi dariya. Na ji ta har cikin haƙorana. Arzika ya jefa mini rawaninsa a cinya, ya ci gaba da ƙwarya. Wata tsohuwa ta kwance mayafinta ta shimfiɗa wa Doguwa a madadin tabarma. Na yi kiɗa har inuwar rumfa ta juya. Dariya ta mutu da kanta, wurin ya yi tsit, ban taɓa kiɗa mai kyan na ranar ba. Gado ya yi atishawa sau uku, iska ta sauka. Ya zauna yana duban mutane, yana tambaya ina bindigarsa.

Samarin jita suka ɗauki buhu. Ni na koma gida da rawani ɗaure a ƙugu. Labari ya riga ni isa. Biba ba ta tambayi buhu ba, ta ce dama ta gaya mini kada in yi numfashi. Ta juya ta ci gaba da tsinke ganye, ni kuwa na kasa duban yaran.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ga Gado da jaki a ƙofar gidana, babu kayan sarki. Ya sauke rabin buhun dawa daga cikin rabonsa na gardi. Na ɗauka ya zo faɗa, don na tona shi a gaban gari. Ya ce, "Ka sauke ta da kyau, maigoge. Da wani ne, da ya gudu." Ya ja jakinsa ya tafi. Dawar tana da ɗaci, tana ɓata ciki. 'Ya'yana biyu sun ci, sun kai baɗi.

Mushe Idi ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba. Biba ta ɗinke wandon, ya ƙi karɓa.

Abin da na koya kaɗan ne: ban sake kiɗa a tsaye ba, ban sake aron wando ba, kuma in akwai gardi a wuri ina barin idona a buɗe.

Yanzu ina Tabla wurin babbar ɗiyata. Yatsuna sun sandare, goge yana rataye a ɗaki. Wandon yana cikin akwati.