Bijimi, Injin Mai Fito, Ya Mutu da Yunwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, mai fito na mashigin ƙasa yana sanar da dangi da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsallake kogin nan bai jiƙa wandonsa ba, cewa injin jirginsa, wanda kowa ya sani da Bijimi, ya ce ga garinku nan. Rai ya yi halinsa ne ranar Talata da hantsi, yana maƙale a bayan jirgi inda ya yi aikinsa duka, bayan jinyar kwana tara a hannun mutanen da ko akuya ba za a ba su jinya ba. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin ya shigo gidan ne a hannun mahaifin mai fito, yana sabo fil, da ƙarfin doki arba'in. Shaidar da kowa zai yi masa ita ce bai taɓa mutuwa da mutane a tsakiyar ruwa ba. Ya ƙetarar da masu naƙuda, da babura, da buhunan siminti, da wata saniya da ta yi masa kashi a ka, bai ce uffan ba. Ja ɗaya ya yi gyaran murya, ja na biyu ya amsa, "Tu-tu-tu-turrr," har mutanen wancan hayin su fara tattara kayansu. Ba shi da tsirfar abinci. Irin injin nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma awon da tsoho ya bari ba shi da wuyar riƙewa: jarka ɗaya ta fetur, gwangwanin madara ɗaya na baƙin mai.

Ya bar jirgin katako ɗaya, da jan tanki, da tiyo, da farfela mai giɓi, da igiyar da yanzu ba ta da wanda za ta tayar. Ya kuma bar mutum biyu. Na farko mai fito, wanda ke riƙe da hannun tuƙi. Na biyu ƙanensa Auta, magidanci mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu, wanda shekara goma sha takwas ke nan shi ke haɗa wa marigayin abincinsa kowace safiya. Kullum da yamma su biyun ke sauke shi daga jirgi su kai shi rumfa, yaya a kai, ƙane a wutsiya, don Bijimi ba kayan mutum ɗaya ba ne. Ana baƙin cikin sanarwa cewa yau kwana shida Auta bai tako bakin ruwa ba, kuma rashinsa ya fi wannan mutuwa ciwo.

Ciwon ajalin ya fara ne wata safiya, jirgi cike da fasinja. Mai fito ya ja igiya, marigayin ya ce, "Gur-gur-gur," ya yi shiru. Yana juyawa sarai, amma ya ƙi kamawa. Aka duba tanki, akwai mai. Aka sassauta murfin tankin don ya sha iska, aka matsa ƙwallon tiyo har ya yi tauri, aka duba ɗan maƙallin nan na kashe inji, yana wurinsa. Aka ja, aka ja, har tafin hannun mai fito ya yi bororo. Fasinja suka sauka ɗaya bayan ɗaya suna tsaki.

Daga nan ne likitocin bakin ruwa suka yi masa caa. Mai fito mutum ne mai ƙyanƙyami, wanda ba ya shan ruwa a kofin da wani ya sa wa baki, kuma abin da idonsa ya gani a kwanakin nan, Allah kada ya maimaita. Mai sayar da fetur, don ya wanke kansa, ya zare tiyo ya kai baki ya zuƙa, ya kurkure, ya tofar a cikin jirgi daidai inda mata ke ajiye cefane, ya ce mansa tas yake. Mai gyaran janareto ya cire fulogi biyu, ya kankare su da wuƙar gyaran kifi, ya manna ɗaya a jikin inji ya ce a ja. Wuta ta ba da tartsatsi mai kyau, ta kuma fizge shi har ya zauna daɓas a cikin ruwa. Bai yi zuciya ba. Washegari ya dawo ya farke kabureta a kan murfin bokiti, ya hura kowace kafa da bakinsa mai warin taba, ya mayar, ya rage ƙusoshi biyu a hannu, ya ce ai waɗannan na ƙawa ne. Wani direban babbar mota kuwa, da ba a tambaye shi ba, ya fesa wa mara lafiyar maganin sauro a maƙogwaro. Marigayin ya yi tari sau ɗaya, "Fat!" ya koma ya kwanta. Tir da wannan jinya, tir da masu yin ta.

Sai a rana ta tara aka ɗauko bakanike na gaske daga wancan hayin, dattijo ne mara yawan magana. Ya cire fulogi, ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce wa Auta ya ja. Auta ya ja, yatsan bai ko motsa ba.

"Lafiyayyen inji ture yatsa yake yi," in ji bakanike. "Wannan ko kyandir ba zai hure ba."

Ya buɗe kan, ya haska tocila, sai ga cikin duk ya kakkarce kamar gindin tsohuwar tukunya.

"Mai fito, sai haƙuri. Mai na zuwa, wuta na zuwa, numfashi ne babu. Yunwar baƙin mai ce ta cinye cikinsa, kuma ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce."

A nan ne mai fito ya yi abin da ba a so a rubuta, amma dole a rubuta. Gaban bakanike, gaban masu jiran jirgi, gaban mai fetur da mai janareto, ya juya wajen ƙanensa.

"Kai ke haɗa man. Ina kake kai shi?"

"Yaya, ni kake tambaya?"

"Kai fa. Wa kake sayar wa?"

Auta ya miƙe tsaye. Ya goge hannunsa da tsumma, ya cire mabuɗin rumfa daga wuyansa ya ajiye a kan bencin baya, ya haura gaɓa bai waiwayo ba.

Kwana uku mai fito yana hura hanci, yana gaya wa duk mai kunne cewa ɗan'uwa ne ya ci amanarsa. A rana ta huɗu matarsa ta ajiye masa faranti a gaba, ya zaci abinci ne. Gwangwani biyu ne a kai. Ɗaya tsohon gwangwanin madara da marigayiya mahaifiyarsa ke zuba allura da maɓallai, ɗaya kuma shuɗi, wanda ya gane tun kafin ya taɓa shi.

Ga tarihin shuɗin. Bara, da mai fito ya yi wa jirgi fenti, ya tarar da gwangwanin awon tsoho a ƙarƙashin benci, baƙi ƙirin, a lotse, maiƙo da matattun ƙwari sun yi masa riga. Ya ɗauke shi da yatsa biyu ya wulla kogi, ya je kicin ya ɗauko sabo, madarar ɗaya, hoton saniyar ɗaya, ya shafa masa shuɗin fenti ya dace da jirgi. Auta ya juya shi a hannu ya ce, "Yaya, wannan kamar bai kai na Baba ba." Mai fito ya ce gwangwani gwangwani ne, shi dai Auta ƙazanta ce ta bi masa jiki. Auta ya ci gaba da awo da abin da yayansa ya ba shi.

Matar ta zazzage maɓallan, ta cika shuɗin da ruwa, ta juye a tsohon. Da ƙyar ya wuce rabi.

"Baban yara, gwangwanin yanzu ba na da ba ne, duk macen da ke shiga kicin ta san wannan. Kuma ba kai ne kake yabon galan ɗin mai yana auki bana ba? Je ka duba rumfa, man da ka ce an sayar yana can yana kallonka."

Ya je ya duba. Galan biyu, ko murfinsu ba a buɗe ba. Mutumin da ya yi kwana tara yana ƙyamar bakin mai fetur, tun daga ranar bakin kansa yake ƙyama, kuma ya cancanta.

Saboda haka ana gyara labarin. Ba a saci ko cokali ɗaya na abincin marigayin ba. Wanda ya kashe shi yana nan da ransa, shi ne mai wannan sanarwa, kuma ya kashe shi ne da tsabta da fenti da rashin jin maganar ƙane. Sau biyu ya je ƙofar gidan Auta, aka ce masa ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa, kuma bai ga laifinsa ba. Tun da a bainar jama'a aka yi zargin, a bainar jama'a ake janye shi.

Za a karɓi gaisuwa a bakin ruwa. Ana roƙon mai janareto da direban babbar mota su yi ta'aziyyarsu daga nesa, hannuwansu a aljihu. Kada kowa ya zo da shawara. Za a kwantar da marigayin a rumfa, a kan katakonsa, a lulluɓe shi da tamfol, a rataye shuɗin gwangwanin a ƙusa inda mai fito zai riƙa ganinsa kullum.

Ba a sa ranar ɗaukar gawa ba. Ƙarti da yawa sun ce za su kama, an gode musu, an ce su bari. Gawar na nan a bayan jirgi, mabuɗin rumfa na kan benci inda aka ajiye shi, kuma kullum da yamma za a tarar da mai fito a tsaye a wajen kai. Wutsiya ta mutum ɗaya ce. Ranar da ya zo za a ɗauka.