Wayar Malam Ta Dawo Sabuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sadakar arba'in ɗin surukina a Kurfi, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ranar ce na shiga gidan surukai ina ɗaga kafaɗa saboda aikin hannuna, na fito ban san ƙafar da na fara sa wa takalmi ba.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Dutsin-Ma. Na haura shekara goma a wani ɗan shago da ke bakin titi, kuma mutane suna ce mini Injiniya (ban taɓa zama ajin injiniyanci ba, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba). Aikina na sani, wannan ba yabon kai ba ne. Matsalar ita ce kasuwa ta juya mana baya. Ɗaliban da a da suke cika shagon da laftof sun koma yin komai a waya. Sai in wuni ina korar ƙuda, alhali tsallaken titi ga Sanusi mai gyaran waya, tebur ɗaya da lema, mutane sun yanyame shi tun safe har la'asar. Ba zan ɓoye ba, hassada ta ci ni ƙwarai.

Kullum in mun zauna cin abincin rana da abokan sana'a, gardamar ɗaya ce: mu ma mu fara karɓar waya da tabilet, ko mu tsaya inda Allah ya ajiye mu? Masu hankali suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni kuwa na fi kowa ɗaga murya. Na ce waya ai kwamfuta ce da ba ta gama girma ba, wanda ya iya yanka sa ba zai tsaya koyon yanka kaza ba. Maganar ta kai kunnen Sanusi. Bai yi fushi ba, ya tsallako har shagona ya ce, "Injiniya, in kana so ka zo ka zamna wurina ko wata guda ne, ka ga halinta. Wagga aba tana da nata sirri." Ni ne zan zauna ƙarƙashin lema in koyi aiki wurin wanda na girma? Washegari na sa mai fenti ya ƙara "da waya da tabilet" a allon shagona.

Na canza gilashi biyu-uku, na gyara wurin caji, kai ya ƙara kumbura. Ana cikin haka Allah ya yi wa surukina rasuwa.

Malam mahaifin matata Rukayya ne, malamin zaure a Kurfi, wanda rabin unguwarsu a gabansa suka yi karatu. Ya yi doguwar jinya, kuma a watannin da ya kasa fita zaure ne ya koyi ɗaukar murya a wayar da babban ɗansa, Yaya Sabi'u, ya saya masa. Sai ya jingina da filo ya yi ta magana: addu'o'i, nasiha ga 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, labarin yawon karatunsa, har da 'yar tsokanar da yake yi wa Inna, wato surukata. Bayan rasuwarsa, Inna tana takaba a ɗaki, wayar nan ta zama abokiyar zamanta. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san inda ake dannawa. Kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta kunna ta ji muryar mijinta.

Saura kwana huɗu arba'in wayar ta ƙi tashi. In an kunna sai ta nuna tambarin kamfani, ta mutu, ta sake nunawa. Yaya Sabi'u ya hawo mota ya zo Dutsin-Ma da ita, kuma wurin Sanusi ya nufa. Ni na hango shi daga shago, na tsallaka titi da gudu na tare shi.

"Haba Yaya, ina cikin gidan za a kai wayar Malam hannun bare?"

Ya ce, "Ba wai na raina ka ba ne. Muryar Malam duk tana ciki, kuma babu ta ko'ina sai nan. Inna ko abinci ba ta ci sosai tun da ta lalace."

Na ce, "Shi ya sa ma bai kamata kowa ya taɓa ta ba sai ni."

Ya miƙo mini, don kunya ba za ta bar shi ya hana mijin ƙanwarsa a bakin titi ba. Sanusi yana kallonmu daga ƙarƙashin lemarsa.

To ga inda ilimin nawa ya kai ni. Mu masu kwamfuta muna da ƙa'ida: kafin ka taɓa komai, ka ciro rumbun ajiyar, wato abin da duk kayan mutum suke ciki, ka ajiye gefe. In ka yi haka, ko gobara injin ya yi, kayan mai shi suna nan. Na buɗe wayar Malam na ga ɗan memori a gefen layi. Na zare shi a hankali, na naɗe a takarda, na rubuta MALAM da manyan baƙaƙe, na jefa aljihun gaba. A raina na gama tsare amana. Ban tsaya na tambayi kaina ko waya tana da wani rumbun a cikin jikinta wanda ba ya ciruwa ba (na san da shi fa, a karatu, amma sanin bai zo mini a ranar ba).

Na jona ta da kwamfuta don in zuba mata sabuwar manhaja. Zaɓi biyu suka fito. Na sama yana zuba manhajar ya bar abin da ya tarar. Na ƙasa yana share komai tas sannan ya zuba. A kwamfuta kullum na ƙasa muke bi, shi ne aiki mai tsabta, na sama aikin ragwaye ne. Wani jan rubutu na gargaɗi ya fito, irin wanda nake wucewa sau goma a rana ban karanta ba. Na wuce shi.

Minti kaɗan wayar ta tashi garau. Na mayar da memori, na leƙa na ga jerin abubuwan saurare sun fi ɗari. Ban kunna ko ɗaya ba. Wai ni mai ladabi, ba zan saurari abin da suruki ya faɗa wa iyalinsa ba. Na goge ta da ƙyalle, na manna mata sabon gilashin kariya, har da riga na saya mata.

Ranar arba'in muka tafi Kurfi da Rukayya. An yi addu'a a ƙofar gida, malamai da almajiran Malam na da, waɗanda yanzu duk magidanta ne, an raba waina da gumba. Ni ko bakina bai huta ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji yadda na ceto wayar Malam, da yadda masu gyaran bakin titi da sun lalata ta. Wani dattijo har ya dafa kaina ya sa mini albarka.

Da aka watse aka ce Inna tana kira. Na tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, kai a sunkuye kamar yadda aka saba. Ɗakin cike yake da mata, 'yan'uwan Malam da maƙwabta, an faɗa musu yau za su ji muryarsa. Na miƙa wa Rukayya wayar da hannu biyu, ta miƙa wa Inna.

Inna ta jujjuya ta, ta ce, "Kai, ta yi kyau kamar ba ita ba. Allah shi yi maka albarka." Sannan ta mayar wa Rukayya. "Duk ta sauya mani. Sa mani wadda yake addu'ar sahe."

Rukayya ta danna ta farko. Kalangu ne ya ɓarke a ɗakin takaba, da ƙarfinsa, har da guɗa. Ta yi sauri ta kashe. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi. Ta danna ta biyu, waƙar biki ce. Ta uku ma haka. Yaya Sabi'u, da yake tsaye bayana, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Wannan ai tsohon memorina ne, na bar shi ciki sadda na ba Malam wayar. Ba nan yake ɗauka ba. Buɗe wurin ɗaukar murya."

Ta buɗe. Daga inda nake durƙushe ina hango farin allon wayar, babu komai a kansa. Na karɓa, na shiga nan na fita can, ina danne-dannen da na san ba su da amfani, don dai kada in ɗago kai. Zufa ta jiƙa mini riga. Ana jin kukan akuya daga bayan gida.

Inna ta ce, "Ba shi ciki?"

Ba ni ta tambaya ba, Rukayya ta tambaya, amma kowa ni yake kallo. Na ce, "Inna, wataƙila... za a duba." Ƙarya nake, na riga na tuna jan rubutun nan.

Ta juyo ta dube ni. Can ta ce, "To. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓe. Ashe sau biyu za ni yi rashin ga." Ta gyara lulluɓinta, ta juya ga Rukayya. "Ku zuba mashi abinci, ya sha hanya."

Da zagina ta yi, da na samu abin riƙewa. Aka kawo mini tuwo har gabana, na zauna a zaure ni kaɗai ina kallonsa, dattijon da ya sa mini albarka ya wuce ya yi kamar bai gan ni ba.

Washegari da sassafe na tsallaka titi zuwa lemar da na raina. Na ajiye wayar a teburin Sanusi na faɗa masa komai. Na shirya wa dariya, ban samu ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Wanne ka danna, na sama ko na ƙasa?" Na ce na ƙasa. Ya rufe ido. Ya ce cikewa kawai ta yi, muryoyin ne suka yi mata yawa, da na sama na bi da yanzu Inna tana saurare. Duk da haka ya ajiye aikin mutane ya wuni a kanta, ya kira wani ubangidansa a Katsina. Amsar ɗaya ce, irin waɗannan wayoyin in an share an share ke nan.

Rukayya ba ta yi mini faɗa ba. Kwana uku tana ba ni abinci tana amsa gaisuwa, ba ƙari. A na huɗu tana ninke kaya, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Akwai wadda ya yi mani ni kaɗai. Inna ta ce in saurara, na ce sai bayan arba'in, in zuciyata ta yi ƙarfi." Ta ci gaba da ninkin kayanta. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba, kuma har yau ban san me Malam ya faɗa wa 'yarsa ba, ita ma ba ta sani ba.

Na rufe shago mako guda ina bin almajiran Malam, Kurfi, Makera, har Kuki, ina roƙon ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa. Yawanci ƙananan wayoyi gare su. A Kuki na samu wani manomi da Malam ya taɓa tura wa saƙon murya bisa kuskure, lokacin yana koyo. Bai kai rabin minti ba. Ana jin numfashinsa, sai ya ce, "Salamu alaikum. Wai yana ɗauka kuwa? Hajiya, zo ki duba mani abin ga." Sai ƙarar tabarma, sai ya yanke.

Shi na kai wa Inna, don ita ce Hajiyar da yake kira. Rukayya ta ce kowace safiya tana kunna shi, kuma in ya ce zo ki duba, wani lokaci takan amsa.

Har yanzu abokan sana'a suna gardamar ko mai gyaran kwamfuta ya dace ya karɓi waya. Na daina sa baki, sai in an matsa mini. In an matsa nakan ce ya karɓa mana, bayan ya zauna ya koya wurin masu ita. Ni dai in an kawo mini waya yanzu, ba na tambayar me ya same ta. Nakan tambayi mai ita wa ke ciki, sannan in riƙe hannunsa mu tsallaka titi.