Shingen Kakanni Ya Yi Ganye

Wanda bai ga Garkuwan Tarihi ba bai ga ma'aikaci ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da hukuma ta ba shi gadin tsohon shingen turaku da ke bayan ƙauye, wanda kakanni suka kafa don tare mahara. 'Yan ƙauye kuwa Sarkin Gara suke ce masa, amma sai ya ba da baya. Yana da usur, yana da kujera mai juyawa a gindin allon da aka rubuta "Kada a taɓa". Ko akuya ce ta matso, sai ya tambaye ta wa ya aiko ta.

Turakun ne kaɗai ke ɓata masa rai. Baƙaƙe, karkatattu, gara ta gama zane a jikinsu. Ga shi manya za su zo dubawa da damina, kuma daga ziyarar ake zaɓen wanda za a ɗauka zuwa babban ofis.

"Mutum kamata a same shi yana gadin ruɓaɓɓen icce?" ya ce wa matarsa. "Kakanni sun yi ƙoƙari, amma ba su da tsari."

Sai ya yi wa kakanni gyara. Ya saro ɗanyun rassa miƙaƙƙu, ya tuge tsofaffin turaku ya jibge bayan ɗaki, ya kafa sababbi a ramukansu, ya shafe su da laka don su tsufa da wuri.

Ruwa ya sauka, turaku suka ji daɗi, suka kama toho. Ya tsinke ganye da safe, da yamma wani ya fito. Ya koma lallashin akuyoyi su taya shi, suka ƙi, don ba su manta usur ba.

Ranar ziyara shinge ya yi kore shar. Shugabar masu binciken ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Garkuwa dai bakinsa bai mutu ba.

"Ranki ya daɗe, shekaru aru-aru iccen nan yana mace. Waɗanda suka gabace ni gadi kawai suka yi. Ni da na zo, tarihi da kansa ya farfaɗo!"

Ba wanda ya tafa. Ana cikin haka matarsa ta kawo wa baƙi abinci, har shugabar ta kai loma.

"Maigida," in ji matar, "iccen nan da ka tara bayan ɗaki, ban taɓa ganin mai ci irinsa ba, ko hayaƙi babu. Wannan tukunyar ta cinye na ƙarshe. Za a samu ƙari?"

Shugabar ta ajiye cokali a hankali.

Da motar baƙin za ta tashi, allon da usur da kujerar duk suka bi ta. Garin neman gira an rasa ido. Har yau Garkuwa yana zuwa aiki, yana zama a ƙasa, akuyoyi na kiwo a kansa. Amma a faɗi gaskiya, wurin ya fi da inuwa.