Ruwan Inabi Daga Tsaunukan Sa'alaba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da mahaifiyar Mudassir ta zo gidanmu a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, don ta gan ni ba. Ko da na so in manta, Gwaggo Rabi tana nan da ranta da lafiyarta, kuma tuna mini da shi ya zama mata kamar wuridi.

Mudassir shi ne wanda nake so, shi ma yana so na, amma tun farko ya faɗa mini gaskiya. "Idan Yumma ta ce tayyib, ta yarda ke nan, halas, an gama. Idan ta yi shiru, sai mu koma addu'a." Yummar tasa ita ce Hajiya Sa'adiyya, Bahaushiyar Sudan, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a unguwar Sa'alaba. Ya ce mini ba ta da yawan magana, kuma abu ɗaya ta tsana a duniya, wato iyayi. Na ji wannan gargaɗi da kunnuwana biyu. Ku riƙe wannan, domin ni ban riƙe ba.

Makonni kaɗan kafin zuwanta, wata ƙawata ta ja ni wani ɗan aji a gidan shan gahawa a unguwar Ruwais. Wata 'yar Lebanon ce malamar, ta daɗe tana aiki a manyan otal na ƙasashen waje. Ta ce can da giya suke wannan sana'ar ta ɗanɗano, mu kuwa nan da ruwan inabi za mu yi, wanda babu ko ɗigon abin maye a cikinsa. Ta jera mana kofunan gilashi iri-iri. Mai kumfa, in ji ta, dogon kofi siriri yake so, domin kumfar ta daɗe tana hawa ba ta mutu da wuri ba. Marar kumfa kuwa sai kofi mai faɗin ciki da ƙaramin baki, a jujjuya shi a hankali, ƙamshin ya taru a sama, hanci ya fara sha kafin baki. Ta ce kuma jan marar kumfa yana son a juye shi a jug tukuna ya sha iska. Ta ba mu abu ɗaya a kofi biyu, kuma wallahi da bambanci.

Ni kuwa dama mai neman dalili ce. Adabi na karanta a jami'a, kuma ni ce irin yarinyar da za ta zauna a bakin teku tana kallon jiragen ruwa har sai an turo a kira ta. Da na ga ƙananan kumfa suna tashi a dogon kofin nan kamar carbin lu'ulu'u da ya tsinke yana komawa sama, sai na ji na sami abin da aka halicce ni dominsa. (Ajin na yini ɗaya ne. Ko takardar shaida ba a ba mu ba.)

Da ranar ta matso, Umma ta shirya abin da kowane gida yake shiryawa: gahawa, dabino, biskit ɗin ma'amul, sambusa. Ni kuma na tafi kasuwar Balad na sayo kofuna, dogaye da masu ciki, da kwalba biyu, mai kumfa da ja marar kumfa.

"Wannan duk na mene ne?" in ji Umma.

"Umma, so nake ta san ina da ilimi."

"Ki gaishe ta, ki zuba gahawa, ki yi shiru. Ilimin ke nan."

Na roƙe ta har ta gaji ta bar ni. Na juye jan a jug ɗin gilashi na sa a firiji, na tafi kwalliya. Abin da ban sani ba shi ne, ina can ina fama da kwalli, Umma ta ga kofunan baƙi a jere, ta yi musu abin da ake yi wa kofin duk baƙon da ake girmamawa a garin nan. Ta kifa su ɗaya bayan ɗaya a kan kasko, ta turara su da mistika, ƙaron nan mai ƙamshi da muke turara kofunan ruwan zamzam da shi.

Bayan la'asar Hajiya ta iso da ƙanwarta. Ta labule na hango ta tana miƙa wa Gwaggo Rabi wata jaka a bakin ƙofa, ban kula ba, hankalina yana kan farin mayafinta irin na Sudan da yadda take kallon komai sau ɗaya kawai. Aka kira ni, na gaishe ta, na zuba gahawa, na yi shiru. Har nan komai lafiya. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai na shigo da tire.

Hajiya ta dubi kwalbar mai wuya naɗe da takardar zinariya. "Wannan fa, ya binti?" ta ce, wato yarinyata.

"Halal ne, Hajiya. Bidun kuhul, babu giya a ciki, ruwan inabi ne zalla."

"Miƙo."

Ta ciro tabarau ta karance bayan kwalbar tsaf, kamar mai duba kwalbar magani, sannan ta mayar mini. Na buɗe, na karkata dogon kofi, na zuba a hankali, na fara bayani. Na yi maganar kumfa, na yi maganar bakin kofi, na nuna musu a riƙe shi ta ƙafa kada ɗumin hannu ya taɓa abin sha. Umma tana kallon kafet.

Hajiya ta kurɓa. "Yana cizon harshe," ta ce. "To in na sha a finjalin gahawa, me zai same ni?"

"Ba abin da zai same ki, Hajiya, amma rabin daɗin zai gudu. Kowane abin sha da gidansa. Ni yanzu ko an rufe mini ido, in dai a kofinsa aka ba ni, zan faɗi ko mene ne da inda ya fito."

Har yau ban san wanda ya sa ni faɗin haka ba.

"Mashallah," in ji Hajiya. "To rufe mu gani."

Ƙanwarta ta ɗaure mini ido da gyalena. Na ce wa Gwaggo ta ɗauko jug a firiji ta zuba a kofi mai ciki. (Na san ai wayo na yi, tunda abu biyu kawai na saya, kuma mun riga mun sha ɗaya.) Na ji ƙarar zubawa, aka danƙa mini kofi. Na jujjuya shi kamar yadda aka koya mana, na tura hancina ciki. Wani ƙamshi ya tashi, na itace, mai sanyi, kamar na san shi. Na ce a raina, lallai shan iska ya yi aiki. Na kurɓa, na riƙe a baki, na haɗiye. Sai waƙa ta zo.

"Wannan inabi," na ce, "a gefen tsauni ya girma, a ƙasa mai sanyi. Rana ba ta taɓa shi sai da safe, shi ya sa tsaminsa yake da kunya, yana zuwa a ƙarshe kamar sallamar wanda ba ya son tafiya."

Umma ta yi tari. Na san tarin, amma na riga na yi nisa.

"Akwai ƙamshin tsohon itace a bayansa, na gangar da aka adana shi. Kuma wanda ya haɗa shi mutum ne mai haƙuri. Ba ya gaggawa. Ina ganinsa, wani tsoho mai farin gemu."

"Tsohuwa dai," in ji Hajiya. "Gemun ne babu."

Na janye gyalen. Gwaggo Rabi ta cusa fuska a matashin kujera, kafaɗunta suna rawa. A kan tebur jug biyu ne iri ɗaya, duka ja, domin Umma tagwaye ta saye su. Ɗaya cike yake ba a taɓa shi ba.

"Karkade ne," in ji Hajiya, ko murmushi babu. "Zoɓo, in ji mutanen gida. Ni na kawo shi, na ba Rabi ta juye a jug. Jiya na jiƙa shi a kicin ɗina a Sa'alaba, hawa na biyu. Tsaunin ke nan."

"Gangar kuma ni ce," Umma ta ce a hankali. "Mistika na sa wa kofunan."

Zoɓo. Ni da aka yaye ni da zoɓo. Na buɗe baki don in ce kofin ne ya ruɗe ni, sai na tuna kofin shi ne dukan hujjata. Na tattara tire na tafi kicin, na tsaya gaban famfo ina wanke kofin da ba shi da datti, ina tunanin yadda zan faɗa wa Mudassir mu koma addu'a.

Ban ji shigowarta ba. Sai na ga farin mayafi a gefena, da kofi mai ciki a hannunta, ta zuba zoɓonta a ciki. Ta riƙe shi ta ƙafa, ta jujjuya, ta shinshina, ta kurɓa.

"Ba na dafa shi," ta ce. "A ruwan sanyi nake jiƙa shi ya kwana, shi ya sa tsamin yake zuwa a ƙarshe. Tun ina amarya nake yi wa baban Mudassir, bai taɓa cewa komai ba sai 'a ƙara sukari'." Ta sake kurɓa. "Iyayi gare ki, ya binti, wannan babu musu. Amma maimaita mini wancan na sallama."

Na maimaita, hannuna duk sabulu. Ta gyaɗa kai sau ɗaya ta fita, da kofin a hannunta. Da shi ta tafi gida.

Washegari Mudassir ya kira ni yana dariya tun kafin ya yi sallama. "Yumma ta ce tayyib. Ta kuma ce a sa ragowar kofunan a kayan ɗaki, kada wani ya taɓa su."

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa siffar kofi tana canza ɗanɗano. Abin da malamar Ruwais ba ta faɗa mana ba shi ne, tana canza kan mai sha fiye da abin da ke cikin kofin. Shi ya sa yanzu, kafin in yi wa abu waƙa, nakan buɗe ido in tambayi wanda ya kawo shi. Amma hakan bai cece ni ba. Duk Juma'a in mun je Sa'alaba, Yumma takan miƙo mini kofin nan cike da ja a gaban kowa, ta gyara tabarau ta ce, "Yalla, 'yata. Yau daga wace ƙasa?"